Da Ana Zaɓen Abin da Zuciya Ke So, Wa Zai Zaɓi Wannan?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani batu da yawancin manya suka fi son a kau da kai daga gare shi, alhali kuwa matasa suna tattauna shi a wayoyinsu dare da rana ba tare da wani mai ilimi ya sa musu baki ba. Tambayar da ake jefawa ita ce: da a ce mutum yana da ikon zaɓa, shin zai yarda ya zama mai sha'awar jinsi biyu, wato wanda zuciyarsa take karkata ga maza da mata duka? Wasu suna amsa ta da raha, suna cewa ai wannan riba biyu ce, wasu kuma suna amsa ta da tsinuwa, suna cewa ai dama masu wannan hali zaɓa suka yi da gangan. Ni ina ganin duka ɓangarorin biyu sun taru a kan kuskure guda, domin sun ɗauki karkatar zuciya tamkar riga da ke rataye wadda mutum zai miƙa hannu ya ɗauka ko ya bari.

Kafin in yi nisa, ya kamata a gyara wani ruɗani da nake yawan ji ko da a bakin masu ilimi. Mai sha'awar jinsi biyu daban yake da mata-maza. Mata-maza batu ne na halittar jiki wadda likita ke iya dubawa tun ranar haihuwa ko lokacin balaga, shi kuwa wanda muke magana a kansa jikinsa kamar na kowane namiji ko kowace mace yake, abin da ya bambanta shi yana cikin abin da zuciyarsa take ji ne. Haka kuma kalmomin luwaɗi da maɗigo sunayen ayyuka ne, kuma akwai ɗimbin mutanen da suke jin wannan karkata amma ba su taɓa aikata komai ba har suka koma ga Mahaliccinsu.

Ranka ya daɗe, na daɗe ina koyarwa, kuma abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami ya faru ne a cikin aji bayan an tashi. Wani tsohon ɗalibina, wanda a lokacin bai wuce shekara 20 ba, ya zo ya same ni ina tattara littattafai. Na nuna masa kujera ya ƙi zama, ya tsaya jikin ƙofa yana naɗe wata takarda a hannunsa yana warwarewa, har gefenta ya yage bai sani ba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, idonsa a ƙasa: "Malam, tun ina ɗan shekara 13 na san akwai abin da ke damuna. Ina son mata kamar yadda abokaina suke so, amma abin da nake ji game da su ina jin irinsa game da wasu maza. Na yi azumi, na yi tsayuwar dare, na daina zuwa duk inda zuciyata take rawa. Malam, wallahi da ana zaɓa da ban zaɓa ba." Muryarsa tana rawa lokacin da ya faɗi jimlar ƙarshe, kuma na lura ya matsa baya kaɗan, kamar wanda yake jiran mari. Wannan matsawar da ya yi ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ta nuna mini irin amsar da ya saba tsammani daga manya.

Zan roƙi mai karatu namiji da yake son mata ya tambayi kansa tsakani da Allah: a wace rana ce ya zauna, aka ajiye masa hanyoyi biyu ko uku, ya auna su, sannan ya yanke shawarar cewa mata zai riƙa so? Babu wanda zai iya kawo ranar. Abin da kowa zai tuna shi ne wata shekara a farkon balaga da ya wayi gari ya ga wata fuska da ya saba gani kullum ta fara hana shi sukuni, ba tare da ya gayyaci abin ba. Masu iya magana suka ce so gamon jini ne. Idan mafi yawan mutane ba su zaɓi tasu karkatar ba, to da wace hujja za mu tabbatar wa kanmu cewa 'yan tsirarun da tasu ta bambanta su kaɗai aka ba zaɓi?

Masana sun fi shekara 70 suna bin diddigin wannan batu. A 1948 wani masanin halittu na Jami'ar Indiyana a Amurka, Alfred Kinsey, ya fitar da rahoton hirar da ya yi da dubban maza, ya biyo da na mata a 1953, inda ya kawo wani ma'auni daga 0 zuwa 6: mai lamba 0 ba ya sha'awar kowa sai kishiyar jinsinsa, mai lamba 6 ba ya sha'awar kowa sai jinsinsa, sauran lambobin kuma na waɗanda ke tsakani ne. An soki yadda ya zaɓo mutanen da ya yi hira da su, kuma sukar tana da tushe, don haka ba a dogara da alƙalumansa a yau. Amma abin da ya nuna, cewa akwai mutane a tsakiya, binciken da ya biyo baya bai rushe shi ba. An ma taɓa shakkar samuwar maza masu sha'awar jinsi biyu bayan wani gwaji da aka wallafa a 2005, har wasu suka riƙa cewa ƙarya suke yi ko ɓoye gaskiyarsu suke yi. A 2020 aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa ɗaruruwan maza, inda aka auna yadda jikinsu da kansa yake amsawa, kuma cikin waɗanda suka sa hannu a wannan aiki har da Michael Bailey, ɗaya daga cikin masu gwajin farko. Sakamakon ya nuna cewa lallai akwai mazan da jikinsu ke amsawa ga jinsin biyu, wato abin da suka daɗe suna faɗa da baki.

Dangane da asalin abin, bincike mafi girma shi ne wanda aka wallafa a 2019 ƙarƙashin jagorancin Andrea Ganna, wanda ya duba ƙwayoyin gado na mutane kusan rabin miliyan daga Birtaniya da Amurka. Ba a sami wata ƙwaya guda da za a nuna a ce ga musabbabi ba. An sami wurare 5 da ke da alaƙa da mu'amala da jinsi ɗaya, amma tasirinsu gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sannan aka ƙiyasta cewa dukkan ƙananan bambance-bambancen gado idan aka haɗa su suna bayyana tsakanin kashi 8 zuwa 25 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan fanni. Binciken tagwaye da aka yi a Suwidin a kan dubban tagwaye ya zo da abu makamancin haka: gado yana da hannu, amma tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ma sau da yawa ba sa zama iri ɗaya. A nan ne wasu ke yin tsalle su ce, to tunda ba gado ba ne zalla, ashe zaɓi ne. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Harshen da mutum ya tashi da shi a bakinsa ba a jininsa yake ba, amma bai zaɓe shi ba; abin da ke faruwa da ɗan tayi a mahaifa, kamar yawan sinadaran jiki da suke isa gare shi, ba gado ba ne, kuma babu wanda ya nemi shawararsa. Tsakanin abin da aka gada da abin da aka zaɓa akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne mafi yawan halayenmu suke tsirowa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce tarihin waɗanda suka so canzawa da gaske suka kasa. Da zaɓi ne, da waɗannan su ne za su fara yin nasara, domin sun ba da kuɗinsu da shekarunsu da hawayensu. A Ingila an yanke wa masanin lissafi Alan Turing hukunci a 1952 saboda mu'amala da namiji ɗan'uwansa, aka yi masa alluran sinadarai maimakon ɗauri, ya rasu a 1954. A shekarun 1960 likitoci a can sun riƙa jona wa maza wutar lantarki yayin da ake nuna musu hotuna, da nufin jiki ya ƙyamaci abin da yake so. Daga baya aka koma ga nasiha da zaman shawarwari. Ƙungiyar Exodus International, wadda Kiristoci suka kafa a Amurka a 1976 don wannan aiki, ita ce mafi girma a irinta, amma a 2012 shugabanta Alan Chambers ya fito fili ya ce kashi 99.9 cikin 100 na mutanen da ya haɗu da su karkatar zuciyarsu ba ta canza ba, kuma a 2013 ƙungiyar ta rufe kanta tare da neman gafarar waɗanda ta cutar. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Spitzer, wanda a 2003 ya wallafa binciken da ya yi ta wayar tarho da mutum 200 yana cewa wasu suna iya canzawa, shi ma a 2012 ya janye maganarsa ya ba da haƙuri, domin ya gane ba shi da hanyar tabbatar da abin da suka faɗa masa.

Adalci ya wajabta in kawo abin da ke neman ƙaryata ni. Kamfanin Gallup da ke jin ra'ayin jama'a a Amurka ya samu a 2012 cewa kashi 3.5 cikin 100 na manya ne suka ce suna cikin rukunin masu sha'awar jinsi ɗaya ko jinsi biyu ko waɗanda suka sauya jinsi, amma a 2024 adadin ya kai kashi 9.3, fiye da rabinsu masu sha'awar jinsi biyu ne, kuma a cikin matasa ya haura mutum ɗaya cikin biyar. Mai hankali zai iya cewa jinin mutane bai canza cikin shekara 12 ba, don haka yayi ne. Ina ganin akwai ƙwayar gaskiya a nan wadda bai kamata a ɓoye ba: sunan da mutum yake kiran kansa da shi zaɓi ne, kuma yanayin da yake ciki yana tasiri a kan wannan zaɓi, ta yadda matashiyar da ta taɓa jin ɗan wani abu sau ɗaya za ta iya ɗaukar sunan a inda ake yaba shi, ta kuma binne shi a inda ake hukunta shi. Amma ƙaruwar masu faɗa ba ta tabbatar da ƙaruwar masu ji ba. Bahagwai a Amurka cikin waɗanda aka haifa wajen 1900 ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba, amma cikin waɗanda aka haifa a tsakiyar ƙarnin sun kai wajen kashi 11 zuwa 12, suka tsaya a nan, kuma dalili shi ne an daina tilasta wa yara rubutu da dama. Haka kuma Lisa Diamond ta Jami'ar Utah, wadda ta bibiyi mata 79 tsawon shekara 10, ta samu kashi biyu bisa uku sun sauya sunan da suke kiran kansu aƙalla sau ɗaya, sai dai yadda matan suka bayyana sauyin shi ne abu ne da ya zo musu, ba su suka je suka ɗauko shi ba. Sha'awa tana iya motsawa a tsawon rayuwa kamar yadda yanayi ke juyawa, kuma babu wanda yake juya yanayi da nufinsa.

Yanzu sai mu koma ga masu cewa riba biyu ce. Lissafinsu ma bai fita ba. A ƙidayar da aka yi a Ingila da Wales a 2021, kashi 1.5 cikin 100 ne suka ce jinsinsu kaɗai suke sha'awa, kashi 1.3 kuma suka ce jinsi biyu. Ma'ana, namijin da ke sha'awar jinsi biyu, waɗanda za su iya mayar masa da so daga cikin maza 'yan ƙalilan ne ƙwarai idan aka kwatanta da mata, don haka babu wani ninki a zancen. Shi ya sa cibiyar bincike ta Pew ta samu a 2019 cewa kusan 9 cikin 10 na masu sha'awar jinsi biyu da ke da abokin zama a Amurka suna tare ne da kishiyar jinsinsu. Suna nan a cikin jama'a a matsayin mazajen aure da matan aure da iyayen yara, babu wanda ya san abin da ke ransu. Wannan cibiya ta kuma samu cewa kashi 19 cikin 100 ne kaɗai daga cikinsu suka sanar da dukkan makusantansu ko mafi yawansu, alhali a cikin masu sha'awar jinsi ɗaya adadin ya kai kashi 75, kuma wannan a ƙasar da doka ba ta hukunta su ke nan, balle a ƙasashe fiye da 60 da doka take hukunta mu'amalar jinsi ɗaya.

Dalilin ɓoyon ba ɓoyayye ba ne. Mutum irin wannan ana zarginsa daga gaba ana zarginsa daga baya: mafi yawan jama'a suna kallonsa a matsayin mai kwaɗayi marar amana, su kuma masu sha'awar jinsi ɗaya da dama suna kallonsa a matsayin matsoraci da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Bincike da yawa sun nuna cewa ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran rukunonin biyu. Wani bincike da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gudanar a 2010 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na mata masu sha'awar jinsi biyu sun taɓa fuskantar fyaɗe ko duka ko bibiya daga abokin zamansu, idan aka kwatanta da kashi 35 na matan da ke sha'awar maza kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira ba zai sake kiran abin riba ba. Zargin rashin amana kuwa ba shi da tushe a hankalce, domin magidancin da yake son mata bai daina ganin kyawun wasu matan ba ranar da ya yi aure, amma yana riƙe alƙawarinsa idan shi mutumin kirki ne. Yawan waɗanda ido zai iya gani ba shi ne ke auna amana ba.

Akwai kuma wani abu da ke cikin tambayar kanta. Duk wanda aka tambaya da wace zuciya zai zaɓa, da zuciyar da yake da ita yanzu zai amsa, don haka wanda ba ya jin komai game da jinsinsa ba zai ga abin marmari a tayin ba, kamar yadda wanda ya rayu da wannan hali cikin kwanciyar hankali a inda ba a tsangwame shi ba zai iya cewa ba ya son a cire masa wani yanki na kansa. Ɗalibina ya ce da bai zaɓa ba, kuma na yarda da shi, amma da na saurare shi da kyau sai na fahimci abubuwa biyu ne suke cin sa: tsoron Ubangijinsa, da tsoron ranar da mahaifinsa zai ji. Na farko yana da inda ake kai shi, na biyun kuwa mu ne muka ɗora masa.

Na san da yawa daga masu karatu za su ce ina addini a cikin wannan magana, kuma ni ma mai addini ne. Ban rubuto don in yi fatawa ba, kuma hukuncin ayyuka sananne ne a wurin malamai. Abin da nake tunatarwa shi ne addinin da kansa ya raba tsakanin abin da zuciya take ji da abin da gaɓɓai suke aikatawa. A aya ta 129 ta Suratun Nisa'i an faɗa wa maza cewa ba za su iya daidaita tsakanin matansu ba ko da sun yi kwaɗayin haka, kuma malaman tafsiri sun fassara wannan da karkatar zuciya wadda ba ta hannun bawa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da rayukansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba, sannan ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar da cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Idan haka ne, yaron da ya zo yana kuka a kan abin da yake ji bai zo da laifin da za a doke shi a kansa ba, kuma wanda ya tona masa asiri ko ya kore shi daga gida ya ɗauki wani nauyi da shi ma za a tambaye shi. Korar ba ta sauya abin da ke zuciyar yaron, abin da take yi shi ne ta raba shi da waɗanda za su riƙe hannunsa ta miƙa shi ga duk wanda ya fara buɗe masa ƙofa.

A ranar nan ban iya ce wa ɗalibina komai mai tsawo ba. Na ja kujerar na sake nuna masa, a wannan karon ya zauna. Na ce masa na ji, na yarda bai zaɓa ba, kuma maganar ba za ta fita daga bakina da sunansa ba. Ya sunkuyar da kai a kan tebur ya yi kuka mai tsawo, irin na wanda ya shekara bakwai yana ɗauke da kaya shi kaɗai. Na sauya wasu bayanai a nan don kada a gane shi, kuma da izininsa na rubuto.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, guda biyu ne. Idan jaridarku za ta taɓo wannan batu, a riƙa bambanta mata-maza da mai sha'awar jinsi biyu, a kuma bambanta wanda yake ji da wanda ya aikata, sannan a gayyato likitocin ƙwaƙwalwa da malamai masu natsuwa su yi wa iyaye bayanin abin da za su ce idan ɗansu ko 'yarsu ta zo musu da irin wannan magana. Na biyu, a daina buga sunaye da hotunan matasan da ake zargi tun kafin a tabbatar da komai a kansu, domin abin da aka sa a intanet ba ya goguwa, kuma waɗannan yaran suna da iyaye mata da ƙanne da za su fita cikin jama'a washegari.

Wassalam.

Naka mai bibiyar jaridarku,
Wani malamin makaranta.